Likitocin Lasifika

Daga Kankia zuwa Kusada, da wuya a ga taron biki ko gangamin siyasa da lasifika ba ta taɓa kunyata masu shi ba. Da ta fara gunji sai likitocinta su fito, kowa da maganinsa, babu wanda ya tsaya ya saurari irin ƙarar. Na farko shi ne Sarkin Duka, wanda ya ɗauki amfilifaya tamkar jakin da ya ƙi tafiya. Zai ɗirka mata mari, ta yi shiru, ya juyo yana jiran yabo, alhali waya ce ta kwance, kuma za ta sake kwancewa daidai lokacin da uwar amarya ta karɓi makirufo. Sai Malam Murɗa-Murɗa, mai taɓa kowane maɓalli har a manta yadda aka saita su tun farko. Ga Mai Tsine wa NEPA, wanda bai yarda KEDCO ta gaje ta ba, yana ta zaginta ko da janareta ake amfani. Akwai kuma Mai Helo-Helo, da ke tsayawa gaban lasifika yana hura makirufo yana tambayar wa ya jawo wannan kuwwar. Na ƙarshe tsohon da ke gefe ne, mai girgiza kai yana cewa aikin mahassada ne.

Abin da duk suka kasa ganewa shi ne kowace ƙara da sanadinta. Gunji mai kauri daga wutar lantarki yake, wadda a Nijeriya ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa, tana kutsawa cikin wayar sauti idan an shimfiɗa su tare ko rufin wayar ya lalace. Kuwwa mai tsinin nan kuwa makirufo ne ke sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar. Ƙaraf-ƙaraf yayin murɗa maɓalli yawanci ƙurar hunturu ce. Masu kaɗa jita ta lantarki sukan jera akwatunan sauya amo da ake takawa da ƙafa, kuma idan ƙara ta ɓulla, dokarsu ɗaya ce, wadda ta dace da lasifika ma: a cire komai, a jona jita kai tsaye, sannan a mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya tona kansa.

Wani zai ce ana tsakiyar biki ina lokacin wannan bincike, kuma ai dukan yakan yi aiki. Yakan yi, na minti biyar, ya bar amfilifaya da sabon ciwo. Wani zai ce wutarmu ce ba ta da kyau. Haka ne, amma wuta ba ta taɓa ɗaukar makirufo ta kai shi bakin lasifika ba. Mai kayan sauti ya zo da wuri, ya gwada kayansa kafin jama'a su taru, ya riƙe waya guda ta canji, sannan ya hana likitocin nan biyar kusantar teburinsa.