Risala a Kan Hukuncin Jakar Matafiyi Idan Ta Iso Zaure

Bayan haka, ka sani, ya kai mai neman sani, cewa masana dokokin teku sun yi ittifaƙi a kan abin da ya wajaba ga jirgin ruwan da iska ke turawa idan ya iso tashar wata ƙasa. Zai ɗaga tuta rawaya, kyaftin kaɗai ya sauka da fasfo da takardun jirgi, sauran su zauna a ciki har jami'an kwastan da na shige da fice da na lafiya su sallame su. Al'amarin daɗaɗɗe ne. A 1377 birnin Ragusa, Dubrovnik ta yau, ya hukunta wa masu zuwa daga garuruwan annoba zaman kwana 30 a keɓe, daga baya wa'adin ya koma 40. A zamaninmu Niyu Zilan da Ostareliya suna bincikar zuma da nama da ƙwai, har da gansakukar da ta manne a gindin jirgi.

Zariya ba ta da teku, kuma kogunanta Kubanni da Galma ba sa ɗaukar irin wannan jirgi. Sai dai rashin ruwa bai sauke hukunci ba, domin Kaduna ma an buɗe mata tashar jiragen ruwa ta kan tudu a 2018. Saboda haka muka yi ƙiyasi. Asali shi ne jirgin. Reshe shi ne magidancin da ya sauka a Kwangila daga Legas, ya nufi gidansa a Samaru ko Sabon Gari. Illar da ta haɗa su ita ce kaya daga nesa da mutanen da ke jira.

Ta'arifi: tsaraba ita ce duk abin da ya shigo gida tare da matafiyi, wanda bai fita da shi ba, kuma ana iya raba shi. Da sharaɗin ƙarshe muka fitar da ƙura da gajiya da bashi.

Hukumomin bincike 3 ne.

Ta 1, shige da fice, wato yara. Ofishinsu ƙofar gida, kalmar aikinsu “Baba oyoyo”. Ba sa tambayar fasfo, nauyin jaka suke aunawa.

Ta 2, kwastan, wato uwargida. Takan ce, “Sannu da zuwa, Maigida, ya hanya?” Zahirin tambayar hanya, baɗininta jaka. A wurinta kaya sun kasu kashi 3: bayyananne, kamar burodi da manja, ɓoyayye, kamar abin da aka naɗe cikin babbar riga a ƙasan jaka, da wanda babu shi amma rasiɗinsa na cikin aljihu. Kashi na 3 ya fi tsanani, domin kayan da aka gani harajinsu yana da iyaka, wanda ba a gani ba kuwa sai an yi bayanin inda ya sauka. Turmin atamfa guda a gidan mata 2 haramtaccen kaya ne bisa ijma'in ɗakunan duka, kuma wannan ce mas'ala tilo da marubuci ya san sun taɓa haɗuwa a kanta.

Ta 3, hukumar kare lafiya, wato Hajiya, mahaifiyar maigida. Ita ke shinshina burodi, ta ɗanɗana zuma, ta yanke cewa kilishi bai dace da cikin yara ba. Sai a keɓe shi a ɗakinta, cikin kwalla. A Niyu Zilan lalata abin da aka kama ake yi. A nan ma haka ne, amma sannu a hankali, bayan sallar isha'i.

Idan wani ya ce, “To wanda ya je kasuwar Sabon Gari daga Samaru ya dawo fa?” sai mu ce akwai saɓani. Magidanta suna ganin tafiyar da ba ta kai a yi ƙasaru ba, babu tsaraba a cikinta. Yara suna ganin duk wanda ya wuce gadar Kwangila ya yi tafiya. Ra'ayin yara ya rinjaya, saboda yawan maruwaita da ƙarfin murya.

Idan aka ce, “Mutum ya sayi burodi a Kwangila ya kira shi na Agege ta Legas, mene ne hukuncinsa?” sai mu ce fasa-ƙwauri ne ta fuskar nasaba. Ana gane shi da alama 2: adireshin da ke jikin leda, da ɗumi, domin burodin da ya kwana a hanya ba ya isowa da ɗumi.

Amma wanda ya iso hannu Rabbana, hukuncinsa keɓewa, kuma ba shi da ɗaukaka ƙara. Ruwan wanka zai makara, amsoshi su gajarta, wa'adin kuma yakan kai albashi na gaba. Abin da muka rinjayar gare shi shi ne ya tsaya a bakin titi ya sayi ko da lemo ne, ya riƙe ledar a hannun dama inda za a hango ta tun daga lungu, sannan ya yi sallama. Allah ne mafi sani.