Ba Shokozoba Ba Ce, Malam!

Motarka ta fara "ƙwas! ƙwas!" daga ƙasa, kai kuma har ka yanke hukunci: shokozoba ce. Sannu, babban injiniya! Yaushe ka leƙa? Ka ce ai kowa ya san haka? Wannan "kowa" ɗin ne ya sa 'yan Ƙofar Ruwa a Kano da 'yan Panteka a Kaduna ke ta cinikin shokozoba, motoci kuma na komawa gida da ƙarar da suka fito da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin shokozoba shi ne hana mota lilo bayan sifirin ya lotsa ya miƙe. In ta mutu, sau da yawa za ka ga mai ya jiƙe jikinta, in ka danna gaban motar ka saki kuma sai ta yi ta rawa. Tana iya ƙara, ban musa ba, amma a layin waɗanda ake tuhuma tana can baya.

Ka ce to wa ke ƙarar? Kai zan tambaya: yaushe take yi? Ka ce "kullum"? Haba! Rantse.

In sai ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka taka totur, sannan ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" a jere, kan shaf ne, musamman a motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Golf 3 da Corolla. Leƙa bayan taya. Robar da ta rufe shi ta yage, giris ya watse, yashi ya samu masauki. Da ka canza robar tun ranar da ta tsage, da an gama da kuɗi kaɗan. Yanzu da ya fara waƙa, giris ba zai sa shi shiru ba.

In kuwa mota na tsaye, kana juya sitiyari ka ji "ƙwas" guda daga sama, wajen da kan shokozoba ya haɗu da bodi, boris ɗin wurin ne ya cije. Sifirin na murɗewa, ya maƙale, ya kufce. Ka ce ai ga shi ka faɗa, shokozoba? Maƙwabcinta ne dai, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba.

Ƙarar da ke zuwa a gargada ko a ƙananan ramuka, kana tafiya a hankali, yawanci ɗan sandan nan ne da ke riƙe sitabilaiza, wanda kanikawa ke kira linkej, ko robobinta. Wadda ke zuwa lokacin taka birki ko tashi daga tsaye, nemi bushin na lowa'am.

Ka ce motar na tafiya lafiya lau, sai ka ƙara muryar rediyo? Madalla. Ka taɓa ganin mota a gefen titi, tayarta ɗaya ta kwanta waje, gabanta ya durƙusa, mai ita na tsaye yana ta waya? Yawanci boljoyin ne ya fice. Wata ƙwallon ƙarfe ce a cikin kwaminta, ita ke haɗa lowa'am da ƙarfen da ke riƙe taya. Tana cinyewa a hankali, ta yi ta ƙwanƙwasa maka ƙofa, ranar da ta gaji kuma ba ta sallama. Ka yi fatan ta gaji a layinku, ba a hanyar Kaduna zuwa Zariya ba. Linkej zai iya jira har a yi albashi. Boljoyin ba ya jira.

Gwajin ba wuya. A ɗaga motar, a tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, don jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Kama tayar, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka girgiza: in da wasa, boljoyin ne ko boris ɗin taya. Kama ta dama da hagu: in ta yi sako-sako, tayarod ne. Amma kafin nan, don Allah ka gwada notunan taya, ka kuma buɗe but. Tsohon jak da sifeya taya sun sha sa magidanta kashe kuɗi.

Ka ce bakanikenka zai "ɗan matse" boljoyin da guduma, ya cusa masa roba? Zai yi shiru kuwa, na ɗan lokaci. Canza shi. In shokozobar ce da gaske, a canza biyu, dama da hagu. Sabon bushin kuma sai an sauke motar nauyinta ya hau tayoyi sannan a ƙarasa ɗaure notinsa, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ta yage da wuri. An taɓa tayarod ko lowa'am? A wuce wajen alaimen, ko sabuwar taya ta cinye ta gefe guda.

Ka ce kai da kanka za ka kwance sifirin daga jikin shokozoba ran Asabar, ba tare da abin matse shi ba? Haƙoranka nawa ne, Malam? Ƙirga su tukuna.