Yadda Ake Sallamar Tabo Ba Tare Da An Kashe Ledar Ɗaki Ba

Duk amaryar da aka kai Bebeji ko Kiru, kafin a ɗaura gado sai an shimfiɗa ledar ɗaki, kuma daga ranar ledar nan ta shiga uku. 'Yan rakiya su kifar da miya, ƙanwar ango ta ɗiga lalle, gwaggo ta tauna goro ta rasa inda za ta tofar. Masu hali kuma yanzu suna shimfiɗa falankin zamani mai kama da katako, wanda kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1977: garin katako ne aka matse, aka manna masa hoton itace, aka lulluɓe shi da siririn rufi mai tauri. Leda da falanki ajalinsu ɗaya, bokiti da ƙarfin damtse, domin su sun fi tabon ɓarna. Saboda haka, uwargida, a bar bokitin nan a bakin ƙofa tare da takalman baƙi.

Ruwan da aka kwarara ba ya tsayawa inda aka zuba shi. Mahaɗa yake bi, da gefen bango, ya shige ƙasa. Falanki ya sha ya kumbura kamar garin kwaki, kuma kumburinsa ba ya sacewa. Leda kuwa ta ɓoye danshi tsakaninta da siminti har ɗaki ya ɗauki warin da turaren wuta ba ya iya rufewa, musamman a Doguwa da Tudun Wada, inda damina ta fi ta birnin Kano nauyi, ƙasa ba ta bushewa a watan Agusta. An gina madatsar Tiga ne don shayar da gonakin Kadawa, ba don a juye ta a ɗakin amarya ba. Tsumma ɗaya da aka matse sosai, da wani busasshe a bayansa, sun wadatar.

Sai kuma a san asalin baƙon kafin a sallame shi, domin kowane tabo da danginsa. Manja mai ne, ruwa zalla ƙara masa fili yake yi. A kwashe shi da cokali, a tattaro daga gefe zuwa tsakiya, sannan a bi da ɗigon sabulun wanke-wanke cikin ruwan ɗumi. Goro da shayi launinsu ƙara kamawa yake idan sun sha iska, don haka ba a jira gwaggo ta gama labarinta: a goge nan take, in ya bar shaida a sa ɗan lemon tsami cikin ruwa. Jini ruwan sanyi yake so, mai zafi dafa shi yake kamar ƙwai. Zanen biro na ɗan firamare, sifirit daga kemis a jikin auduga. Cingam da kakin kyandir, a ɗora musu ƙanƙara daga wajen mai sayar da ruwan sanyi, in sun sandare a ɓamɓare da tsohon katin roba. Tawadar allo baƙuwar kirki ce, da ruwa aka dama ta, da ruwa take tafiya. Jar lakar damina ita kaɗai ake yi wa haƙuri ta bushe, tsintsiya ta kwashe mafi yawanta. Lalle kuwa suruki ne mai zuwa da jakarsa; in ba a tare shi yana ɗanye ba, ya tare ke nan. Ruwan goge janfarce yana aiki a kan falanki, amma yana cinye ƙyallin leda, sai a fara gwada shi a ƙarƙashin gado inda kishiya ba ta leƙawa.

Wata za ta ce toka da soson ƙarfe su ke sa tukunya sheƙi, me zai hana su yi wa leda? Tukunya ƙarfe ce har ciki, ko an kankare samanta wani ƙarfen ne a ƙasa. Furannin leda kuwa bugu ne a ƙarƙashin fata siririya, kuma duk layin da soso ya ja ya zama gidan datti na dindindin. Ƙurar hunturu ma haka take yi in an goga ta da tsumma, shi ya sa shara ke gaba da guga.

Hujjar masu kwarara ruwa da ta fi nauyi ita ce ta fitsarin yaro, domin a ɗakin ake salla, kuma tsarki sai da ruwa. Gaskiya ne, ba mai jayayya. Amma a tsane fitsarin da tsumma tukuna, a zuba ruwa a daidai wurin, a kwashe, a maimaita, a busar. Buta ɗaya ta yi aikin da bokiti zai yi ya kuma kai najasar har ƙarƙashin katifa.

Baƙar da'irar da kaskon turare ya bari kam ƙuna ce, babu sabulun da ya san ta. Wannan sai dai a jawo durowa a ɗora a kai, gobe kuma a sa wa kaskon guntun tayil a ƙarƙashinsa.