Injin Wata, Gangar Jikin Wata

A Turai da Japan akwai masu hali da ke sayen motar gudu, ba ta yi wata guda a hannunsu ba su kai ta gareji a ciro birkin yayarta a ɗaura mata, a canja shokazoba, a sa taya mai faɗi, duk don ran Asabar su shiga filin tsere su rage daƙiƙa biyu a zagaye ɗaya. Abin ba ya musu wuya, don kamfanonin da kansu suna haɗa zuri'a. Toyota 86 da Subaru BRZ da suka fito a 2012 mota ɗaya ce mai suna biyu, masana'anta ɗaya ke ƙera su. Toyota Supra ta 2019 kuwa injin BMW ne a cikinta, irin na Z4. Ƙusa ta dace da rami, sai kwancewa da ɗaurawa.

Mu a Dungu ba mu da filin tsere. Muna da yashi, muna da rake, muna da hanyar Matameye, da kwaltar da ke bi ta Ɗan Barto ta faɗa Daura. Amma in dai dashen kayan mota ne, ba Baturen da zai zaunar da mu ya koya mana. Su suna neman kayan da ya dace ne, mu kuwa tilasta masa muke yi ya dace. Kuma sana'ar tana da mutanenta.

Uban tafiyar shi ne Zai-Shiga, bakaniken da bai taɓa ganin ƙarfen da ya gagare shi ba. Ka kawo masa giyabos ɗin da ba wanda ya san motar da ya fito, sai ya ɗaga shi, ya rufe ido ɗaya, ya karyo tsinken tsintsiya ya auna tsakanin ramuka, ya ce, "Alhaji, zai shiga." In ramuka huɗu ne uku suka haɗu, ya ce ukun ma sun riƙe. In biyu suka haɗu, ya aiki yaronsa ya kira mai walda. Kayan aikinsa sifana biyu ne da guduma da zarto, gudumar kuma ita ta fi sheƙi don yawan aiki. In ya gama ɗauri za ka ga ƙusoshi biyar sun rage a cikin gwangwanin tumatir. Kada ka tambaya. Zai ce maka Bature ne ya sa su don ƙari, saboda sanyin ƙasarsu. Da wannan hujjar ce yake cire ɗan ƙarfen nan mai tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, ya jefar da shi bayan rumfa, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Duk da haka ba na yarda a raina shi a gabana. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan Ƙofar Ruwa ta Kano suka yi wuyar isowa, gudumarsa ce ta hana motoci da yawa zama ɗakin kaji.

Babban mai kawo masa ciniki shi ne Mai Neman Gudu. Wannan direba ne da wata mota ta taɓa wucewa a hanyar Takieta, tun ranar bai yafe ba. Ya tara jaka kan jaka ya sayo injin da ya fi ƙarfin motarsa, aka yanke nan, aka ɗaga can, aka cusa shi har murfin gaba ya daina rufuwa sai da igiya.

"Birki fa, maigida?" in ji yaron gareji, da ladabi.

"Birki yana nan, me ya same shi?"

Lallai yana nan, wanda aka yi wa ƙaramin inji. A nan ne masu tseren Turai suka fi mu wayo, don su da birki da taya suke farawa, inji ya zo daga baya. Lissafin ba ya canjawa don an ƙetaro hamada: ka ninka gudu sau biyu, tazarar da za ka ci kafin ka tsaya ta ninku sau huɗu. Mai Neman Gudu yakan koyi wannan darasi ne a gaban amalanken shanu, ran kasuwa, fasinja goma sha tara suna salati a bayansa. In Allah ya kiyaye ya tsaya, sai ya sauko ya zagi mai amalanke.

Ƙanensa shi ne Ɗan Salansa, yaron kabu-kabu mai Kasea ko Boxer. Shi ba ya da kuɗin inji, sai ya sayi ƙara. Ya farke cikin salansa, ya canja faifan sarƙar baya ya sa mai ƙarancin haƙora don babur ya ƙara gudu a kan kwalta, ya manta cewa abin da ya samu a gudu ya biya shi da ƙarfin ja. Da ya sauka kwalta ya shiga yashin fadama da buhun albasa a baya, sai ka ji rugugi kamar hadarin Agusta ya taso, ka leƙo ka tarar da shi yana tura babur da ƙafa biyu, jaki ya wuce shi. Ran ɗaurin aure ne kasuwarsa ke ci, yana ɗaga tayar gaba a ƙofar gidan amarya, tsofaffi suna janye tabarma. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, ko dai babur ɗin nan ba shi da lafiya?" Ya ce, "Baba, ai lafiyar ce ta yi masa yawa."

Akwai kuma Mai Tambari, wanda bai taɓa buɗe murfin inji ba. Ya liƙa wa Starlet ɗinsa V6 a baya, da TURBO a gefe, da fiffike a saman but. Ya rantse tun ranar ta ƙara sauri. A bar shi, shi kaɗai ne a cikinsu bai cuci kowa ba.

Can gefen rumfa, a kan benci, Tsohon Direba yana kallonsu duka yana taɓe baki. A wurinsa an gama ƙera mota tun da aka yi Peugeot 504, duk abin da ya biyo baya gwangwani ne. Kuma yana da abin faɗa. Zai gaya maka an fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, a shekarar nan kuma 504 ta cinye tseren Safari na Kenya. Zai ba ka labarin tseren Paris-Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro, wanda ya tashi daga Paris a ƙarshen Disambar 1978 ya ratsa Agadez da Yamai, da yadda Ari Vatanen ya zo na ɗaya a 1987 cikin Peugeot 205, ya sake a 1989 da 1990 cikin 405. Ƙarshen zancen kullum ɗaya ne: "Mota a bar ta yadda Bature ya yi ta." Ni dai ban taɓa samun ƙarfin halin gaya masa cewa 405 ɗin Vatanen ita ma dashe ce ba. Inji da kayan ƙasan 205 ta tsere aka ɗauka aka lulluɓa musu wata gangar jiki. Balle in ce ya leƙa tasa 504 ɗin. Kafireto na wata ne, lagireto na wata, kujerun gaba daga wata Hiace da ta yi ritaya. Abin da ya rage na asali zakin nan ne na gaba, shi ma waya ce ta riƙe shi.

Wanda na fi ganin girmansa Mai Lodi ne, don shi ya san abin da yake nema kuma ba ya kunyar faɗa. Ba ruwansa da gudu. Burinsa a-kori-kurarsa ta ɗauki raken da aka yi wa kamyo, ta kai Damagaram. Sai ya nemo sifirin na Land Cruiser ya ƙara falle uku a kowane gefe, har bayan motar ya ɗaga sama in ba kaya. Ya san a yashi ana rage iskar taya, ya san babbar taya tana sa agogon gudu ya faɗi ƙasa da gaskiya, ya san ƙafar Hilux mai ƙusa shida ba ta hawa inda ake da huɗu ko da Zai-Shiga ya rantse. Abin da ya kasa yarda da shi guda ne. Nauyi ba ya ɓacewa, wuri yake canjawa. Sifirin ya daina karyewa, sai boris ya fara ƙonewa. Ya sa babban boris, sai sandar ƙafar baya ta tsinke. Ya sa ta babbar mota, sai shasi ya tsage a tsakiya. Shekara da shekaru yana korar lalacewa daga wannan ƙarfe zuwa wancan, kuma kowane karo yakan ce wannan ne na ƙarshe.

Kada in manta Ɗan Waya, wanda ya san filin Nürburgring na Jamus lungu-lungu, ya san zagayensa ya haura kilomita 20, ya san wace mota ta zagaye shi cikin minti nawa, duk daga YouTube. Yana tsaye a kan bakanike yana nuna masa bidiyo da yatsa. Keken da ya zo da shi na aro ne.

Duk waɗannan kuwa a kan mutum ɗaya suke rayuwa, wato Mai Gawa. Motarsa ta tsaya ne a kan ƙaramar matsala, buji ko famfon mai, ya ajiye ta bayan gareji ya ce sai an sayar da gyaɗa. Mako bai zagayo ba maƙwabci ya zo aron batir, za shi Kance ya dawo. Wani ya ari taya biyu, amarya za a kai. Surukinsa ya ari lagireto, ba kuwa a hana suruki. Kowa da "gobe in sha Allahu" yake tafiya. Yanzu tana zaune a kan bulo huɗu, kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba, kayanta kuwa suna yawo a motoci bakwai tsakanin Magarya da Mai'aduwa. In ka ce ya sayar maka da ƙarfen a kilo sai ransa ya ɓaci, ya ce motar lafiyarta ƙalau, buji kawai take so. Kwanan baya ma ya tsayar da wata mota a tasha ya ce ba zai biya kuɗin zuwa Matameye ba, don da kunnensa ya ji giyabos ɗinsa ne a ciki.