Jirgi Ya Faɗi, Kowa Ya Zama Malami

Idan jirgi mai kilo 13 ya soki ƙasa da hanci, ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba. Tim! kamar an yar da buhun masara daga bayan mota, sai kuma tsit. Wannan tsit ɗin na ɗan lokaci shi kaɗai ne hutun da kunne ke samu a filinmu. Da ya wuce, kowa ya zama malami.

Shekarata tara ina zuwa wannan fili, wani shimfiɗaɗɗen makiyayi da ƙungiyarmu ta masu jirgin rimot ke haya a hannun wani manomi a jihar Ohayo ta Amurka, gonar masara ta zagaye shi ta gefe uku. Jirgina samfurin Extra 330 ne, kashi 35 cikin 100 na girman na gaske, faɗin fiffikensa mita 2.6, injinsa mai silinda biyu siisii 120. Wato ya fi injin babur ɗin Boxer da ɗan acaɓa ke goya mutum uku a kai. Ni da na fara da motar kara da tayar silifa, ga inda son wasa ya kawo ni da furfura.

Bari in fara da wanda na fi sani, Sarkin Sharhi. Dattijo ne ɗan fansho, kujerarsa ta naɗewa tana wuri ɗaya a ƙarƙashin rumfa, har ƙafafunta sun yi rami a ƙasa. Shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya. Yana da jirgi, kada a yi masa ƙazafi: Yak 54 ne ja da fari, mai ƙyalli kamar kwanon amarya. Kowace Asabar sai ya fito da shi daga tirela, ya zura bututun fiffike, ya ɗaure kowane noti, ya goge da tsumma, ya auna fetur da baƙin mai ɗaya cikin arba'in kamar mai haɗa maganin jarirai. Ya tayar da inji, ya karkata kai yana sauraro, ya girgiza kai. Ya ɗauko 'yar sukudireba ya taɓa kabureta, taɓin da ko sauro ba zai ji ba. Sannan ya ɗaga ido ya dubi tutar iska. Iska ta yi yawa. In babu iska, to rashinta ma abin tuhuma ne, wani abu ke tafe. In iska ta yi daidai, rana na dukan ido. A shekara tara ban taɓa ganin tayar Yak ɗin nan ta rabu da ciyawa ba.

Amma bari jirgin wani ya faɗi. Mutumin da ya wuni yana kukan gwiwa sai ka gan shi a gaban layi, yana ratsa masarar watan Agusta da ta fi mutum tsawo, yana nuna hanya da hannu kamar shi ya shuka ta. Ba ɗaukar kaya ya zo yi ba, bincike ya kawo shi. Zai tsuguna a kan tarkacen, ya ɗauki guntun katako ya juya, ya shinshina, ya ce, "Gam ne." Ko ya ce batir. Ko ya ce jela ta fi hanci nauyi. Cututtukan jirgi a wurinsa uku ne rak, ba su taɓa zama huɗu ba. Ranar da wani ya zuba jirginsa cikin bishiyar da ke ƙarshen fili, bishiyar da ta girmi kowa a wurin, kowa kuma ya ga ta tare hanya, Sarkin Sharhi ya daɗe yana kallon reshen, ya ce jela ce.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne ƙarashen zancen. "Tun da ka tayar na ji injin ba daidai yake ba." To me ya hana ka faɗa? "Ban so in tsorata ka ba, ɗana." Daga nan sai ya sa hannu a aljihun baya ya zaro baƙar ledar shara, a linke tsaf kamar hankici. Kullum akwai ta. Mutum ne da ke barin gida kowace Asabar da likkafanin jirgin wani a aljihu.

Duk da haka ba na son ranar da ba ya nan. Shi ne zai sa ka tsince kowane ɓalli, don ya san manomi ba ya son ƙarfe a injin girbinsa, ya kuma san rabin abin da ke cikin ledar zai sake tashi. Shi ne zai tuna maka ka cire batir ka ajiye can nesa a kan tsakuwa, domin batirin litiyom da ya bugu yana iya kamawa da wuta a bayan mota. Wata rana mun haɗa baki muka tura Yak ɗin har bakin titin tashi, sama garau, ba iska ba rana. Ya tsaya riƙe da rimot, ya yi shiru, sannan ya ce ya manta bai yi caji ba. Wallahi duk mun ji sanyi a rai. Da ya faɗi, wa zai yi masa sharhi?

Sai wanda rimot ke ci wa amana. Shi bai taɓa kuskure ba. "Ya ƙi jin magana! Ba ni da shi!" Da can wannan kukan yana da tushe. Lokacin da ake kan megahaz 72, kowa da tasharsa, akwai allo da 'yan maƙalai, in wani ya kunna rimot a tasharka ba tare da ya karɓi maƙalin ba, jirginka ya tafi ke nan, shi ake kira harbi. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, allon ma ya zama wurin rataye hula. Amma shi har gobe harbe shi ake yi, kuma abin mamaki, ba a taɓa harbinsa yana tafiya miƙe ba, sai ya kifa jirgi ciki sama a tsayin gwiwa.

Akwai Magini, wanda ke shafe hunturu uku a gareji yana fere katakon balsa, yatsunsa sun manne da sufagulu, yana kallon duk mai jirgin kwali, irin wanda ake haɗowa a masana'anta, kallon da mai tuƙa tuwo ke yi wa mai dafa indomi. Mai jirgin kwali kuwa yana tashi sau shida a wuni, in ya faɗi ya yi odar wani kafin ya kai gida. Su biyun suna gaisawa da fara'a, kowa na tausayin ɗan'uwansa.

Ɗan gasar juyi a sama ta IMAC ba ya wasa, aiki ya zo yi. Takardarsa cike da zanen da ya samo asali daga matuƙin Sifen José Luis Aresti, layi da ɗigo da kusurwa, kamar hatimin malamin tsibbu. Sai ya kama ka ka tsaya a bayansa kana karanta masa jerin juyi goma, in ka yi tuntuɓe a na bakwai, makin da bai samu ba a wuyanka yake. Malamin doka shi kuma ya haddace iyakar tsayi ta ƙafa 400 ta hukumar jiragen sama FAA da fam 55 na iyakar nauyi, yana auna tsayin jirginka da ido, kuma idonsa bai taɓa ba ka gaskiya ba. Akwai wanda ya je taron Joe Nall sau ɗaya, wanda ake yi kowane watan Mayu a filin Triple Tree na Karolina ta Kudu. Ko ruwan sha ka miƙa masa, na can ya fi sanyi. Mai aro ba ya buƙatar dogon bayani. Fulogina biyu da sifana mai lamba goma suna gidansa, suna gaishe ku.

Duk waɗannan nawa ne, ina dariyarsu ina son su. Akwai ɗaya da ba na dariyarsa.

Ya iya tuƙi, wannan ba musu. Zai tsayar da jirgi a kan jelarsa, hanci sama, farfela kaɗai ke riƙe da shi, jela na shafar ciyawa, hayaƙi fari na tuƙuƙi. Abin kallo ne, da a can tsakiyar fili yake yi. Shi kuwa sai ya jawo shi kusa da layin da mutane ke zaune, domin burga ba ta daɗi daga nesa. Farfelar nan tsawonta ya haura santimita 70, tana juyi dubu shida a minti ɗaya, tsakaninta da fuskar jikan wani taku goma. Waya ɗaya ta tsinke, labari ya canza. Ka yi masa magana ya ce shekara ashirin bai taɓa bugun kowa ba, kamar dai wanda ya buga ɗin da ya saba bugawa ne. Ya cire salansa mai kashe ƙara don yana son a ji zuwansa, aka kuwa ji, har gidajen da ke bayan gona. Manomi ya aiko da takarda, yanzu ba mai tayar da injin fetur ranar Lahadi kafin ƙarfe goma, kuma kowa ya san takarda ta gaba ta sallama ce.

Wannan ma da na haƙura. Amma bara wata mata ta kawo ɗanta, yaro ɗan shekara 12, rungume da ɗan jirgin soso na koyo, ya tara kuɗinsa ya saya. Hannunsa na rawa ya tashi, ya yi zagaye biyu a karkace, ya sauka da tsalle uku kamar kwaɗo. Sauka ce, ni ban yi irinta ba a ranata ta farko. Gwanin namu ya ɗaga murya yadda uwar za ta ji, ya ce a kwashe kayan wasan yara daga titi, masu jirgi na jira. Yaron ya naɗe kayansa bai ce uffan ba. Ba mu sake ganinsa ba. Ƙungiyar da in ka duba rumfarta furfura ce daga wannan kai zuwa wancan, yaro ɗaya ya kawo kansa, aka kore shi don wani ya yi wasan jela na minti takwas.

Saura mutum ɗaya, wanda ke sauke kwali a gidan maƙwabci sai dare ya yi ya shigo da shi ta gareji, wanda in an tambaye shi kuɗin jirgi sai ya faɗi na gangar jiki, ya manta da inji da rimot da batir. Wannan mutumin ya taɓa sake saitin rimot a daren Juma'a, da safe ya motsa sanda ya ga leɓɓan fiffike suna motsi, bai tsaya duba ta ina suke motsin ba. Ya tashi, jirgi ya ɗan karkata hagu, ya ba shi dama, ya ƙara hagu, ya ƙara ba shi dama da ƙarfi. Daƙiƙa huɗu aka yi. Na ji shi da kunnena yana ihu wai rimot ya ƙi jin magana, domin bakin da ya yi ihun nawa ne.

Sarkin Sharhi ya raka ni cikin masara, ya shinshina guntun fiffike, ya dube ni, ya dubi rimot ɗin da ke wuyana. Ya sani sarai. Ya ce, "Gam ne, ɗana," ya miƙo leda.

Na iso gida da yamma na lallaɓa da ledar ta bayan gida, sai ga uwargida a bakin ƙofa.

"Abban Sadiƙ, yau ba ranar fitar da shara ba ce."

Na ce ɗan gyara ne kawai, ba wani abu ba.

Ta leƙa ledar, ta zaro rabin farfela ta juya shi. "To madalla, tunda ka ce dala ɗari uku ne gaba ɗayansa, ga ɗari uku a jakata. Sayo wani irinsa sak, in gani."