Hannun Hagu Ya Rasa Aiki

Daminar bara ce ta sa na sayi babur ɗin. Daga bakin kwalta zuwa gonata rabin hanyar yashi ne, rabi taɓo, kuma motata ta riga ta kwana a ciki sau biyu. Sai wani abokina mai harkar kayan Kwatano ya ce ya samo mini magani: Honda CRF110F ƙirar 2014, babur ɗin daji, tayoyinsa duk haƙora. Abin da bai gaya mini ba shi ne, a can inda aka sayo shi yara 'yan makaranta ne ke hawan irinsa. Ni kuwa shekaruna arba'in da bakwai, tumbina kan riga ni shiga ɗaki. Da na hau sai gwiwoyina suka taso gaida kunnuwana. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, a wurin wane yaro ka aro?" Na ce mata ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Giyarsa huɗu, amma babu kuloci na hannu, kamar dai roba-roba. Ka taka giya, ka murɗa totur, ya tafi. Sauƙi ke nan ga kowa ban da ni, domin a kan tsohuwar Suzukin yayana na koyi tuƙi shekara talatin da suka wuce. Duk sanda zan canja giya sai yatsuna na hagu su cafki iska, kamar mai farautar sauro. An ce tun 1958 da aka fito da Super Cub aka yi shi haka, don masu kai taliya gida-gida a Japan su tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da faranti. To su suna da taliya. Ni hannuna zaman kashe wando yake yi.

Da lokacin juye ya yi, na tuna akwai ragowar baƙin man motata a but, ɗan waje mai tsada, wanda aka rubuta a jikin galan ɗin cewa yana rage shan fetur. Na ce wannan ɗan maraya ya baro ƙasarsu, bari in karrama shi. Na kawo tsohuwar tasa, na kwance noti, na tsiyaye tsohon mai, na ɗura masa kusan lita guda da hannuna. Kwana biyu injin na kuka a hankali kamar mage, ni kuma ina majalisa ina ba da lacca a kan illar rowa.

Ranar Asabar na ɗaura rabin buhun taki a baya na nufi gona. A tudun yashin da ke gaban kwari na ba shi wuta. Injin ya kwarma ihu har tsuntsaye suka tashi, amma babur ɗin tafiyar hawainiya yake. Na ƙara wuta, ya ƙara ihu, ya rage tafiya. Wani dattijo ya zo a kan jaki, ya ce, "Sannu da aiki, Alhaji," ya wuce ni. Amalanken shanu ma ta wuce, yaron da ke kora ta har yana tambaya ko a ɗauko mini takin. Ƙarshe ni na tura babur ɗin, shi da takin, ina haki.

Bakanikena ya tsoma yatsa a man, ya murza, ya shinshina.

"Alhaji, wa ya yi maka juyen nan?"

"Wani yaro ne."

"Wallahi yaron nan ya cuce ka. Allah ya shirye shi."

Na ce amin da ƙarfi.

Ya zaunar da ni a kan benci ya karanta mini karatun da ban biya ba. A mota, in ji shi, kuloci a bushe yake, ba ruwansa da baƙin mai. A irin wannan babur kuwa mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, a cikinsa kulocin yake wanka. Kuma biyu ne ma a ciki: ɗaya yana kamawa da kansa in injin ya ɗau gudu, ɗayan ƙafarka ce ke sakinsa in ka taka giya. Man motar nan an ƙara masa sinadarin santsi, shi kuwa kuloci sana'arsa riƙo. "Ka shafe ɗan kokawa da man kaɗanya, Alhaji, sannan ka ce a kama shi?" Ya juya mini bayan wata robar mai, ya ɗora baƙin farcensa a kan wani ɗan rubutu: JASO MA. Ma'auni ne da Japanawa suka kafa a 1998 saboda irin wannan ta'asa. MA ko MA2 na kuloci mai wanka ne, MB kuma na sikuta ne mai bel, wanda kulocinsa ke bushe. Kaurin da masu ƙera babur ɗin suka rubuta 10W-30 ne. Aka wanke injin sau biyu, aka canja faya-fayan kuloci, na biya kuɗin da ya isa juye biyar.

Da a nan na tsaya da na tsira da sauran mutuncina. Amma na ga a bidiyo cewa Turawan da ke sa kulocin Rekluse mai kamawa da kansa a manyan baburan daji sukan mayar da birkin baya hannun hagu, tunda wurin ba kowa, don su iya riƙe birki a gangare ko da ƙafarsu na ƙasa. Na ce a yi mini haka. Bakanike ya ce, "Alhaji, hannun nan naka bai manta da kuloci ba fa." Na ce ai kuɗina ne. Ya ciro hannun birki daga wani mataccen babur, ya ja waya har tayar baya.

Juma'a bayan an sauko na biya ƙauyen surukaina cikin farar shadda. An kwana ana ruwa. Dattawa na zaune a gindin darbejiya, surukina a tsakiya. Na ce bari in wuce su da ɗan kwarjini kafin in juyo in yi fakin. Zan tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku, sai hannun hagu, wanda ya yi wata uku yana neman aiki, ya ji ƙarfe a ƙarƙashin yatsunsa. Ya damƙe shi gaba ɗaya.

Tayar baya ta ƙame, gindin babur ya zagayo ya riga kansa, ni kuma na tafi kududdufi da baya. Hulata ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. Babur ɗin na kwance a gefe bai mutu ba, don irinsu ba sa mutuwa a giya, yana ta ƙugi a hankali. Na miƙe da sauri don in nuna ba komai, na cafko shi ta hannun dama na ɗaga. Hannun dama kuwa nan totur yake. Ya fizge ya bar ni a tsaye, ya ratsa dangar surukina, awaki suka watse, ya je ya jingina da rumbu.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na je na durƙusa ina ɗigar taɓo na kwashi gaisuwa. Surukina ya amsa a natse, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Sannan ya dubi ramin da ke dangarsa, ya dubi babur ɗin, ya ce, "Malam, shi yaron ya san ka fito masa da shi kuwa?"