Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Katafila

Zuwa ga mai girma Hajiya Katafila, uwar rusau, wadda ba ta neman iso: gaisuwa mai yawa tare da ladabi gwargwadon hali. Amma ba'adu.

Dalilin wannan takarda shi ne, yau da hantsi, sa'ad da na nufi lambun shaƙatawa na garinmu domin in zauna gindin maɗacin nan da masu gyaran keke da tsofaffin 'yan fansho suka mai da shi majalisa tun muna yara, sai na iske shi kwance, saiwoyi a sama, ke kuwa kina gefe kina huci, wai hanya za a faɗaɗa. Ƙurar da kika tayar da bututun ruwan da kika fasa, duk na yafe miki.

Abin da ban yafe ba shi ne allon da iyayen gidanki suka kafa, mai alkawarin cewa kowane itace guda da aka kayar za a dasa goma a madadinsa. Subhanallahi! Wane malamin hisabi ya karantar da su cewa tsiro goma masu tsawon kamu ɗaya, waɗanda za a dasa ranar da masu ɗaukar hoto suka zo, a ba su ruwa sau ɗaya tak, sa'an nan a bar wa akuya da bazara su raba gado, sun yi daidai da itacen da ya fi kakan direbanki shekaru? Ai wannan kamar a yanka wa mutum saniyar tatsa ne, a miƙa masa ƙwai goma, a ce ya jira su ƙyanƙyashe. Sayyidina Abubakar Siddiƙu, Allah ya ƙara masa yarda, da ya tura runduna Sham, ya hana su sare itace mai 'ya'ya, alhali yaƙi za su. Ke kuwa cikin zaman lafiya, da takardar kwangila, kika yi abin da aka hana mayaƙa.

Kada ki zaci ba mu da labarinki a wasu ƙasashe. A Nairobi, a 2019, an so a yanki gefen Uhuru Park domin babbar hanya, jama'a suka yi ca, hukuma ta janye; a Nuwamba 2020 kuma wani tsohon ɓaure da ke kan Waiyaki Way ya tsira daga haƙoranki bisa umarnin Shugaba Uhuru Kenyatta. A Istanbul, ƙarshen Mayu 2013, 'yan itatuwa kaɗan kika tumɓuke a lambun Gezi, mutane ƙalilan suka kafa tanti, aka ƙone tantunan, sai ƙasar Turkiyya ta kama da zanga-zanga, lambun kuwa yana nan har yau. Su mutanen Houston ta Amurka ba su hana ki ba, kika faɗaɗa musu Katy Freeway a 2008, cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo ya cika ta.

To, ke, ki ji. Sauran itatuwan lambun, darbejiyoyin da aka shafa wa jan fenti alamar sarewa, gobe bayan sallar asuba tabarminmu na gindinsu. In za ki zo, ki taho da mai rubuta allon nan, mu zaunar da shi a inuwar tsironsa goma daga azahar zuwa la'asar.

Wassalam, ba don na huce ba.